Aiki a Laburaren Jami'a Ranakun Asabar da Lahadi: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Son Shiga

Duk farkon zango, da an manna sanarwar neman ɗaliban da za su taimaka a laburare ranakun ƙarshen mako, sai tambayoyi su yi ta zuwa, kuma kusan iri ɗaya ne kowace shekara. Na yi wannan aiki ina ɗalibi, daga baya kuma aka riƙa haɗa ni da sababbin shiga in nuna musu kan aiki. Shi ya sa na tara tambayoyin wuri ɗaya. Kowace jami'a da dokokinta, don haka duk inda maganata ta saɓa da ta shugabanka, tasa za ka bi.

Wane irin aiki ne takamaimai?

Daga Litinin zuwa Juma'a laburare cike yake da ma'aikata: masu sayo littattafai, masu ba su lamba, masu kula da kwamfutoci, masu zama da ɗaliban bincike. Ranar Asabar yawancinsu suna gida. A ƙasashen da hutun mako yake faɗawa Juma'a da Asabar sunan ranakun ne kawai ya sauya, aikin ɗaya ne. Abin da ake bari a buɗe shi ne teburin aro, kantoci, zaurukan karatu da ƙofa, a hannun babban ma'aikaci ɗaya ko biyu da ku mataimaka.

Da safe za ku kunna fitilu da kwamfutoci, ku kwashe akwatin da ake jefa littattafan da aka dawo da su bayan an tashi, ku shigar da su. Daga nan sai ba da aro da karɓa da sabuntawa, sai mayar da littattafai gurabensu, sai raka wanda ya rasa abin da yake nema, sai firinta, wadda ba ta tashi cije takarda sai an yi layi. A wasu wuraren za a ce ka zaga duk bayan awa ɗaya ko biyu ka ƙirga mutanen da ke zaune. Kada ka raina wannan ƙirga, kada kuma ka cika takardar da ka. Da irin waɗannan alƙaluma ake yanke shawarar ko za a ci gaba da buɗewa ranar Lahadi, wato ko aikin naka zai ɗore.

Sai na karanta ilimin laburare kafin a ɗauke ni?

A'a. Na yi aiki da ɗaliban lissafi, da na shari'a, da na jinya. Za a koya maka aikin cikin 'yan kwanaki. Zuwa a kan lokaci da sa ido a kan ƙananan lambobi su ne ba a iya cusa wa mutum cikin mako guda, kuma su ake dubawa.

An ce aikin zama ne, mutum ya buɗe littafinsa ya yi ta karatu ana biyansa. Haka ne?

Kowa da wannan tambaya yake zuwa, ko bai furta ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Akwai Lahadin da za ka yi awa biyu ba wanda ya tsaya a gabanka, musamman a makonnin farko na zango. Wasu shugabanni sukan bari ka duba takardunka a tebur idan aikin ranar ya kammala, wasu kuwa sam ba sa yarda.

Amma karatun da ake katsewa duk bayan minti goma ba ya zama a ka. Kuma ga inda gizo ke saƙa: lokacin da ka fi bukatar karatu, wato dab da jarabawa, shi ne lokacin da laburare ke cika maƙil, kurar da ake tura littattafai a ciki ta cika sau uku kafin tsakar rana, kai kuma ko zama ba ka samu ba. Idan kana tsara makonka, ka cire awannin aiki daga lissafin karatu ɗungurungum. In ka samu ka karanta shafi goma, tsintuwa ce.

Me ya sa ake ta nanata maganar jera littattafai? Ai ɗora littafi ne kawai a kan kanta.

Domin littafin da aka ajiye ba a gurbinsa ba, da shi da wanda aka sace duk ɗaya. Kai, wanda aka sace ma ya fi sauƙi, don wata rana za a gane babu shi a sayo wani. Wanda aka cusa a kantar da ba tasa ba kuwa, kwamfuta za ta ci gaba da cewa yana nan, ɗalibai su yi ta hawa bene suna saukowa hannu rabbana. A ginin da ke ɗauke da dubban ɗaruruwan littattafai, sai da sa'a wani zai yi kiciɓis da shi.

Wani masanin lissafi ɗan Indiya, S. R. Ranganathan, wanda ya riƙe laburaren Jami'ar Madras, ya fitar da dokoki biyar na wannan fanni a 1931. Ta huɗu ita ce a tattala lokacin mai karatu. Manyan ma'aikata suna cika wannan doka da kwamfuta da tsare-tsare. Kai a bakin kanta kake cika ta.

Ga yadda ake yi. Tun kana tebur ka jera littattafan bi da bi a cikin kura kafin ka tura ta, don kada ka yi ta kai-kawo tsakanin layuka. Idan ka isa gurbi, kada ka tsaya ga lambar wanda ke hannunka. Dubi biyu na hagunsa da biyu na damansa. Sau tari a nan ake kama kuskuren da wani ya tafka jiya. Sannan ka sani kantoci sashe-sashe ake karanta su, kamar shafin littafi: daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa, sai an gama sashe ɗaya a koma saman na gaba. Sababbin shiga sukan miƙe da layin sama har ƙarshen bango, su rasa inda lambobi suka shige.

Akwai kuma abin da muke kira karatun kanta, wato a ba ka layi guda ka bi shi da yatsa littafi-littafi kana tabbatar kowanne yana wurinsa. Ba wanda yake son wannan aiki, ni ma ban taɓa so ba. Bayan rabin awa ido yakan fara yaudara, 6 ta koma 9, 1 ta koma 7. Da ka ji haka ka bar shi ka yi wani abu, ka dawo. Karatun kanta na minti talatin da hankali a jiki ya fi na awa biyu da ido kawai.

Wannan ne ma dalilin allunan nan da ke roƙon masu karatu su bar littafi a kan tebur kada su mayar da kansu. Ba raini ba ne. Ban da gudun kuskure, laburare da yawa suna ƙirga littattafan da aka bari a tebur don sanin waɗanda ake amfani da su ba tare da an ara ba.

Lambobin da ke gadon bayan littafi fa, yaya ake karanta su?

Tsari biyu ne suka fi yawa a jami'o'i. Na farko shi ne na Melvil Dewey, wanda aka wallafa a 1876. Abin da zai ba ka sha'awa, ya fara ƙirƙiro shi ne yana ɗalibi mai taimakawa a laburaren Kwalejin Amherst da ke Amurka, wato irin aikin da kake nema. Ya kasa ilimi gida goma, daga 000 zuwa gidan 900. Gidan 300 na ilimin zamantakewa ne, a ciki 330 tattalin arziki, 340 shari'a, 370 ilimin koyarwa. Gidan 500 kimiyya, 510 lissafi. A gidan 600 za ka tarar da likitanci a 610, injiniyanci a 620, noma a 630. Adabi yana 800, tarihi da labarin ƙasa suna 900.

Tarkon yana bayan ɗigo. Lambar 330.15 tana zuwa ne kafin 330.2, ko da yake ido yana ganin 15 ta fi 2. Abin da ke bayan ɗigo ɓangare ne na ɗaya, ba cikakkiyar lamba ba, don haka alƙalami-alƙalami ake gwadawa: 1 kafin 2, magana ta ƙare. Kusan duk wanda na koya wa aiki sai da ya faɗa wannan rami a makonsa na farko.

Na biyu shi ne tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, wanda manyan jami'o'i da dama suka fi so don ya fi ɗaukar tarin littattafai. Shi da haruffa yake farawa, manyan rukunai 21: K shari'a, L ilimin koyarwa, P harshe da adabi, Q kimiyya, R likitanci, S noma, T fasaha, da sauransu. Ba a amfani da I, O, W, X da Y a matsayin manyan rukunai. Idan ka ga W a gadon bayan littafi, to ka shigo laburaren likitanci mai bin tsarin Laburaren Likitanci na Ƙasa na Amurka.

A wannan tsari layi-layi ake karantawa. Haruffa tukuna: Q kafin QA, QA kafin QB. Lambar da ke biye cikakkiya ce, saboda haka QA 76 tana zuwa kafin QA 101. Sai ɗigo da harafi da lamba, wanda yawanci yake wakiltar sunan marubuci. Wannan kuma ya koma dokar bayan ɗigo: .B45 kafin .B5. Daga ƙarshe shekarar bugu, tsoho kafin sabo. Ka ga ke nan a lamba guda akwai dokoki biyu masu karo da juna. Ba sai ka haddace rukunan ba, ƙafa za ta haddace maka su cikin wata guda. Dokar jerin ce dole ta zauna.

Kwamfuta ta ce littafin yana nan, mai nema ya ce bai gani ba. Me zan yi?

Tashi za ka yi. Mafi munin abin da mataimaki zai yi shi ne ya ce "babu" yana zaune.

Wata Asabar wata ɗaliba ta zo tebur da lamba rubuce da biro a tafin hannunta. Ta ce, "Malam, sau uku ke nan ina hawa sama, ba ya nan, kuma Litinin zan miƙa aikin." Lambar 338.1 ce, littafi a kan tattalin arzikin noma. Muka hau tare. Na duba gurbinsa, babu. Na duba kantar sama da ta ƙasa, na zura hannu bayan littattafan ko ya faɗa ciki, na leƙa kura da teburan da ke kusa, shiru. Sai na juya alƙaluman na nufi 383. Ga shi nan zaune tsakanin littattafan da suka shafi gidan waya, ƙura ta hau kansa. Wani ne ya karanta 338 a matsayin 383, Allah kaɗai ya san tun yaushe.

Kusan haka ake bi kullum. Fara tabbatar an kwafo lambar daidai kuma cikakkiya, don da yawa layin farko kawai suke rubutawa. Duba a kwamfuta ko littafin na sashen da ba a fita da shi ne, ko na aron gajeren lokaci da ake ajiyewa bayan tebur, ko na manyan littattafai da ake kwantarwa a kanta dabam. In duk an bi ba a samu ba, ka cike takardar nema da sunan mai so, don a ci gaba da dubawa ranar Litinin a ajiye masa.

Dab da jarabawa kuma akwai wata ɓarna ta dabam: ɗalibi ya ɗauki littafin da ajinsu duka ke nema ya kai shi wani sashe ya ɓoye, ya riƙa zuwa shi kaɗai yana karantawa. In ka ga littafin lissafi ya leƙo daga cikin na tarihi, ko an juya gadon bayansa ciki, ko an kwantar da shi can saman kanta, ba kuskure ba ne. Mayar da shi gurbinsa, ka rubuta a littafin rahoto. In abin ya yawaita sai a mayar da shi bayan tebur.

Manhajar aro tana da wuya?

Ba ta da wuya. Wasu jami'o'i suna amfani da Koha, manhajar kyauta da aka fara rubutawa a Niyu Zilan a 1999, wasu Alma, wasu wata dabam, amma abin da mataimaki ke taɓawa kaɗan ne: buɗe bayanan mai aro, haska lamba, duba ranar dawowa.

Abu biyu ke kayar da mutane. Na farko, littafi yakan zo da lambobi masu zane biyu. Wadda aka bugo a bangon baya ita ce ISBN, mai alƙalami 13 tun daga 2007, kuma iri ɗaya ce a jikin duk kwafin wannan bugu a duniya. Wadda laburare ya manna ita ce ta wannan kwafi shi kaɗai, ita ake haskawa. Na biyu, mantawa da rufe shafin mutum kafin na bayansa ya miƙo nasa. Sai littafi ya hau kan sunan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, bayan wata guda a aika masa takardar tara. Ka saba da duban allo, kada ka dogara da ƙarar na'ura.

Idan wuta ta ɗauke ko intanet ya tsaya, akwai takardar da ake rubuta lambar kati da lambar littafi da hannu, a shigar daga baya. Ka tambayi inda take tun ranar farko.

Abokina ya makara da littafi. Zan iya share masa tarar?

A'a. Duk abin da aka yi a manhaja da sunan wanda ya yi da lokacin yake zama, kuma yafe tara ikon babban ma'aikaci ne. Abokinka zai ce ai danna abu ɗaya ne. Gaya masa ya zo ranar Litinin ya yi bayani; in yana da uzuri na gaske, kamar rashin lafiya, sau da yawa akan saurara. Haka nan kada ka ara wa kowa littafi da katinka, kada kuma ka ba abokin aiki kalmar sirrinka ko da na minti biyar ne.

Wani ya ce in gaya masa wanda ya ari littafin da yake nema, don ya je ya roƙe shi. Laifi ne?

Laifi ne, kuma babba a wannan sana'a. Abin da mutum yake karantawa sirrinsa ne. Ka tuna akwai mai aron littafi a kan cutar da bai gaya wa kowa yana da ita ba, akwai mai binciken abin da zai iya jawo masa magana. Ƙungiyar laburarori ta duniya, IFLA, wadda aka kafa a 1927, ta sa kare sirrin mai karatu cikin ƙa'idojin aikin da ta amince da su a 2012.

Wuyar abin ita ce idan mai tambayar babba ne. Malami zai tsaya a kanka ya ce, "Duba min wa ke riƙe da shi, ɗalibina ne ko?" Amsar ita ce, "Ranka ya daɗe, ba a ba ni ikon faɗin suna ba, amma zan iya sa maka shi a layi, a kuma aika wa mai shi ya dawo da shi." Yawanci nan take magana ke mutuwa, don littafin yake so ba sunan ba. In ya matsa, ka haɗa shi da babban ma'aikaci.

Idan ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara fa?

Kada ka ɗauka ɓarawo ka kama. Cikin littattafan akwai siririn ƙarfe mai maganaɗisu ko ɗan tambarin lantarki, wanda ake kashewa lokacin ba da aro. Mafi yawan ƙarar da na ji a aikina, mu ne a tebur muka manta ba mu kashe ba, ko kuma mutum ya haɗa littafin laburare da nasa ya zuba a jaka bai lura ba. Ka ce, "Don Allah ɗan dawo mu duba, wataƙila na'urarmu ce." Shi zai buɗe jakarsa da hannunsa, ba kai ba. In ya ƙi ya fice, kada ka bi shi, kada ka riƙe shi. Wannan aikin masu tsaro ne. Naka shi ne rubuta lokaci da abin da ka gani.

Masu surutu da masu kama kujera da jaka?

Ka je kusa ka yi magana ƙasa-ƙasa, kada ka ɗaga murya daga nesa ka kunyata mutum a gaban jama'a. In akwai ɗakin tattaunawa, nuna musu shi ya fi "ku yi shiru" aiki. Sau biyu za ka yi magana, na uku na babban ma'aikaci ne. Abin da ya fi nauyi shi ne idan 'yan ajinku ne, ko waɗanda suka girme ka a karatu. A nan dokar za ka sa a gaba, ba kanka ba.

Kujerar da aka bar wa jaka tun safe kuwa, kada ka kwashe kayan kowa kai kaɗai. In doka ta ce a kwashe bayan wani lokaci, a bar takardar gargaɗi mai ɗauke da lokaci, a kuma kwashe ku biyu. In waya ta ɓace, wanda ya taɓa jakar za a fara tambaya.

Idan aka yi mini tambayar bincike da ta fi ƙarfina?

Za a yi maka, don ranar Asabar ɗaliban digiri na biyu da na uku masu aiki a ranakun mako suke samun zuwa. Akwai abin da ya kamata ka iya: nuna yadda ake neman littafi a kwamfuta, inda kundayen digiri suke, yadda ake shiga rumbunan mujallun da jami'a ta biya wa kuɗi irin su JSTOR, da waɗanda ake bincike a cikinsu kyauta irin su PubMed da Google Scholar da DOAJ. Jami'o'in ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da dama suna samun dubban mujallu ta shirin Research4Life, wanda ya samo asali daga Hinari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2002. Ka san ko taku tana ciki.

Ka kuma koyi yin tambaya kafin ka nuna hanya. Mutum zai ce yana son "littafin shari'a", in ka ce na wane darasi, me aka ce ka rubuta, sai ka tarar hukuncin kotu guda yake nema. Abin da ya wuce nan, kamar tsara bincike mai zurfi ko aro daga wata jami'a, ka karɓi tambayar a rubuce da yadda za a same shi, ka ajiye wa mai fannin. Cewa "ban sani ba, amma ga wanda ya sani" ba ya rage ka da komai. Ƙirƙirar amsa kuwa tana iya cinye wa mutum mako guda.

Zan iya barin mutum ya yi fotokwafin littafi sukutum?

A'a. Dokar haƙƙin mallaka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma a wurare da dama abin da aka yarda shi ne babi ɗaya ko ɗan ƙaramin kaso don karatun kai. Yawanci ƙa'idar tana manne kusa da injin. Kundayen digiri sukan fi tsauri.

Littafi ya yage ko ya jiƙe a gabana. In gyara?

Kada ka kusance shi da salatif. Yana rawaya da shekaru, gam ɗinsa ya shige takarda, ya bar tabon da ba ya fita. Ka sa takarda mai bayanin abin da ya same shi, ka ajiye a wurin masu gyara.

Jiƙa ce ba ta jiran Litinin, domin funfuna tana iya kama jiƙaƙƙen littafi cikin kwana biyu. In ɗan damshi ne, a tsayar da shi a buɗe shafukan inda iska ke kaɗawa, a saka farar takarda tsakaninsu ana sauyawa. Ba a shanya shi a rana, ba a kuma kai shi kusa da zafi. Mai takarda mai sheƙi ya fi gaggawa, don in ya bushe a rufe shafukan sun manne ke nan. In rufi ne ke yoyo ko famfo ya fashe, ka fara rufe kantocin da leda ka kira lambar gaggawa. Manyan laburarori har daskarar da jiƙaƙƙun littattafai suke yi don tsayar da ɓarna kafin a samu mai gyara.

Wani ɗan abu kuma: kada ka jawo littafi da yatsa ta saman gadon bayansa, nan ne yake fara yagewa. Tura na gefensa biyu ciki kaɗan, ka kama shi ta tsakiya.

Aikin yana da wahalar jiki?

Fiye da yadda ake zato. Takarda tana da nauyi, ga sunkuyo, ga miƙa hannu sama, ga ƙura. Ka sa takalmi mai rufi da ba ya ƙara, ka tura kura kada ka ja ta, ka hau matakalar da aka tanada ba kujera ba. Mai asma ko ciwon baya ya faɗa tun farko, akwai ayyukan tebur.

Nawa ake biya?

Ya danganta da ƙasa da jami'a, yawanci kuma da awa ake lissafi. Abin da za ka tambaya kafin ka sa hannu: awa nawa a mako, yaushe kuɗin ke fitowa, ana biyan lokacin hutun cin abinci ko a'a, ana aiki lokacin hutun zango, wa ke sa hannu a takardar awanni. Ɗalibin da ke karatu a ƙasar waje ya duba iyakar awannin da bizarsa ta yarje masa. Ka kuma riƙe naka lissafin awannin dabam. Na taɓa rasa kuɗin wata Lahadi guda don na manta ban sa hannu ba, ba ni kuma da abin nunawa.

Me ake tambaya a intabiyu?

Sau da yawa za a miƙo maka katuna ko littattafai goma zuwa ashirin a ce ka jera. Kada ka yi sauri, ba gudu ake aunawa ba. Sai tambayoyi irin su me za ka yi da mai aro da ya fusata, ko abokin da ya nemi alfarma. "Ina son karatu" amsa ce da kowa ke bayarwa, ba ta ɗaga kowa. Wanda ya ce zai iya zuwa kowace Asabar har ƙarshen zango, ya kuma faɗi gaskiya a kan makonnin da ba zai iya ba, shi ake tunawa.

In jarabawata ta matso, ko wani uzuri ya taso?

Ka faɗa da wuri. A ranar mako in mutum ɗaya bai zo ba, akwai goma da za su rufe gurbinsa. Ranar Lahadi in ku biyu ne, rashin zuwanka yana iya sa a rufe bene guda, ko a ƙi buɗewa ɗungurungum inda doka ta hana mutum ɗaya zama shi kaɗai a gini. Musanya da abokin aiki halal ne, amma da sanin shugaba kuma a rubuce. Da jadawalin jarabawa ya fito, ka kai masa a ranar.

Yaya ake rufewa?

Ana sanarwa tun saura rabin awa, a sake a saura minti goma sha biyar, a tsayar da ba da aro kafin lokaci ya cika don kada layi ya riƙe ku. Sai zagaye, kuma da ƙafa ake yin sa, layi-layi, har banɗaki da ɗakunan tattaunawa da ƙananan teburan nan masu shinge da ke lungu. Kashe fitila da kunnawa ba ya tayar da wanda barci ya kwashe da abin sauraro a kunne. Na taɓa samun wani a bene na uku ya kifa kai a kan littafi, har mun kashe rabin fitilu. Da ban leƙa lungun ba, da sai maigadi ya ji bugun ƙofa cikin dare. In ka samu irinsa ka ƙwanƙwasa tebur, kada ka taɓa jikinsa.

Daga nan tagogi, fankoki, kwamfutoci, kayan da aka manta a rubuta su a kulle. Abu na ƙarshe shi ne littafin rahoto, wanda ma'aikatan Litinin za su fara buɗewa. "Komai lafiya" ba rahoto ba ne. Rubuta cewa firinta ta biyu tana cije takarda tun ƙarfe uku, an jera kura biyu saura ɗaya ta gidan 600, karatun kanta ya tsaya a 338.9, akwai ɗigon ruwa kusa da tagar bene na biyu an rufe kantar da leda, wata ɗaliba tana jiran amsa a kan aro daga wata jami'a kuma takardarta tana cikin aljihun tebur. Ka sa lokaci da sunanka, ka miƙa makullai ga wanda aka ce, ba wanda ka tarar a ƙofa ba.